Sadakar da Ta Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo ba ni da sakat. A ɗakin malamai tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har a sahun masallaci wani ya taɓo ni kafin a tayar da salla ya ce, "Malam Nasiru, wai da gaske saboda waya ka je har Nijar?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa gutsuren ya ƙara masa gishiri. Har na ji ana cewa wai aure na je nema. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in samu in huta.

Sai na fara da Kawu, don ba don shi ba ko Dutse ba zan je ba. Malam Hudu na Zandam yayan mahaifiyata ne, ya tsufa yana tafsiri a garinsu, kuma daga Gwaram har Kiyako da wuya ka sami gidan da ba a san muryarsa ba. Ni kuwa malamin kwamfuta ne a wata sakandare a nan Birnin Kudu. Na bi ɗalibansa na tattaro karatun da aka naɗa a kaset da memori, na tace, na zuba a manhaja guda, na ɗora ta a kasuwar manhajoji, wato inda mai waya ke shiga ya sauke abin da yake so. Ban sa mata talla ba, ban sa komai ba. Ka sauke sau ɗaya, ka yi ta sauraro ko ba ka da data. Ba a daɗe da yin haka ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu, harshensa ya yi nauyi, maganar ta koma sai ishara da hannun hagu. Daga nan manhajar ta zama ita ce bakinsa.

Kawu yana da wata kalma da yake rufe kowane karatu da ita: "Wanda ya samu ya yaɗa, Allah ya ba shi lada." Duk abin da ya same ni daga wannan kalmar ya fito.

Akwai wani Sabi'u mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin tasharmu. Ya ji kalmar nan, ya kuma san halin mutanenmu: in an yi rasuwa, wani ya sayi butoci ya kai masallaci, wani tabarmi, wani ya buga ɗan littafin addu'a da sunan mamaci a bango. Sai ya ƙirƙiro sabuwar sadaka. Ka zo da sunan mahaifinka ko mahaifiyarka da ta rasu, ya kwafi manhajata, ya canza mata launi, ya rubuta sunan mamacin a fuska, ya buɗe akawun da lambar wayarka, ya ɗora a kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa da zuciya ɗaya. Abin da bai gaya musu ba shi ne ya cusa tallace-tallace a ciki, kuma ba shi yake zaɓen tallan da zai fito ba. Ana cikin Suratu Yusuf sai murya ta katse, wani ya hau ihu a zo a buga caca, ko wata mai guntun siket ta fito tana rawa tana cewa a ranci kuɗi yanzu-yanzu.

Ni ban san ana wannan aika-aikar ba sai da saƙo ya shigo mini daga masu kasuwar. Suna shara, in ji su, suna kwashe tarkace da manhajojin da ke maimaita juna, kuma an gano tawa maimaici ce ta wasu da ke kasuwa, don haka an cire ta. Tawa! Ta asali! Na shiga na duba, na tarar an kwashe tawa da wasu kwafin, an bar wajen goma, masu cacar cikinsu suna nan daram.

Kada a ce ina ƙin sharar. Wallahi kasuwar nan tana bukatar tsintsiya. Na ga manhajar tocila da ke neman ta karanta sunayen duk mutanen da ke wayarka. Na ga ta lokutan salla da ke kiran magariba rana na tsaka. Na ga ta koyon Larabci da babu komai a cikinta sai talla da hoton raƙumi. A kwashe su, Allah ya raka taki gona ba ma zan ce ba, a kwashe kawai. Amma mai shara ai yana buɗe ido. Da a kasuwar Birnin Kudu ne, Sarkin Kasuwa ya san wanda ya fara kafa rumfa da wanda ya zo jiya ya raɓa, in kuma bai sani ba sai ka je gidansa da safe, ku gaisa, ka yi bayani. Waɗannan ba su da gida, ba su da zaure, saƙonsu ko suna babu a ƙasa. Na rubuta koke, amsa ta dawo kafin in ajiye wayar, da alama ko mutum bai gani ba. Hanya biyu suka nuna mini: ko in kai ƙarar masu kwafin a kan sun saci kayana a rufe akawun ɗinsu, ko su da kansu su cire, sannan a sake duba tawa.

Na hau mota zuwa Gwaram, na ɗauki acaɓa zuwa Zandam, raina a ɓace, da niyyar in sanar da Kawu kawai in danna ƙara. Na same shi a zaure an jingina shi da matashi, matarsa Inna Saude tana ba shi kunu. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Gara da ka zo. Jiya a gidan suna wata ta ce mini wai yanzu Malam da kuɗin caca ake saya masa magani. A gaban mutane, Nasiru."

Na kalli Kawu. Ya ji, idonsa ya cika, leɓensa yana motsi ba abin da ke fita. Mutumin da ko goron ɗan caca bai taɓa karɓa ba, ga shi ana yi da shi a gari, ba shi da harshen da zai kare kansa. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da kowane gida za a kunna shi. Na yi masa bayanin hanyoyin nan biyu. Da na zo kan kalmar sata, sai ya ɗaga hannun hagu ya daki tabarma.

"Ka ji," in ji Inna. "Ya ce ba za a kira ɗalibansa ɓarayi ba. Shi ya ce su yaɗa."

"Inna, ai kalma ce kawai ta Turawa, ba wanda zai..."

Ya sake dukan tabarmar, har kunun ya fantsala. Shi ke nan, aka bar ni da hanya mai tsawo.

Da na koma Birnin Kudu na wuce shagon Sabi'u kai tsaye. Na yi tsammanin zai ɓuya, sai ga shi ya taso da fara'a yana goge mini benci.

"Malam, ai ni taimakon addini nake yi. Kai ka ɗora ɗaya, ni na mayar da ita ashirin. Wa ya fi yaɗawa tsakanina da kai?"

Na ce, "Cacar fa?"

"Wannan kuma ba ni ba ne, daga sama take zuwa."

Na kusa in kife masa teburin caja. Da ƙyar na sa ya zauna muka fara cirewa, a nan ne na gane zurfin ramin. Kowane akawun da lambar mai sadaka aka buɗe shi, Sabi'u kuma bai riƙe kalmar sirrin ko ɗaya ba. Sai an aika lambar shiga zuwa wayar mai shi, ya karanto, sannan a shiga. Wato sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na nan kusa ba su ba ni wahala sosai ba, in ka cire Hajiya Ladidi ta Gwaram, mai sayar da atamfa, wadda ta yi wa marigayi mijinta sadakar. Ta saurare ni tsaf, ta gyara mayafi ta ce, "Yaro, Alhaji yana can kwance yana karɓar lada, kai ka zo ka toshe masa? Kai da wa aka haɗa baki?" Na kunna mata tallan ta gani da idonta. Ta ce ai wannan shaiɗanun cikin wayata ne, tata ba ta yi. Sai da na koma sau uku, na ƙarshe da limamin unguwarsu, sannan ta karanto lambar, tana yi tana harara ta.

Saura guda, kuma ita ce babbar. An fi sauke ta fiye da tawa ma, don mai ita ya raba ta ga direbobi da fatake. Sunan da ke fuskarta Marigayiya Hajiya Rabi. Mai ita wani Isuhu ne, tsohon ɗalibin Kawu, mutumin Damagaram, da ya zo ziyara bara ya bi ta shagon Sabi'u. Na ce a ba ni lambarsa. Sabi'u ya ce wayar da take ciki an sace. Inna ta ce Isuhu shi yake kira, kuma tsohuwar wayar Kawu ta faɗa rijiya. Abin da kowa ya sani shi ne yana ɗinkin takalman fata kusa da babbar kasuwa. Da wannan adireshin na nemi izini a makaranta na ɗauki jaka.

Motar Dutse ba ta da labari, sai dai an matse mu huɗu a baya, gwiwata tana gaisawa da haɓata. A motar Gumel ne abin ya faru. Muna fita gari wani dattijo mai jar hula a gefena ya ciro waya ya kunna, sai ga muryar Kawu ta cika motar, tun yana da ƙarfinsa, yana fassara yana ɗan tari irin nasa. Kowa ya kasa kunne. Ni kuwa na hango launin manhajar, ta Hajiya Rabi ce. Ba a jima ba kiɗa ya ɓarke, ɗan caca ya hau ihu. Wata mata a gaba ta yi salati. Direba ya ce, "Malaman yanzu kenan, kowa da abin da yake ci."

Na ce, "Baba, don Allah kawo wayar in goge maka wannan, ta bogi ce."

Ya janye ta ya cusa a aljihu. "Kai wane ne?"

"Ɗan ƙanwar mai karatun ne."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Au, ashe ku ne masu karɓar kuɗin cacar."

Na yi bayani tun daga nan har Gumel, na rantse, na kawo misali, na tada jijiyar wuya. Da muka sauka ya ce in ba shi ta gaskiyar to. Na ce an cire ta daga kasuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ta gaskiya aka cire aka bar ta ƙarya? Yaro, Allah ya shirye ka." Ya tafi abinsa. Na tsaya a tashar Gumel na sayi rake na yi ta tauna da ƙarfi don in huce.

Na isa Maigatari ranar kasuwa, wanda duk mai hankali zai gaya maka kuskure ne. Shanu, raƙuma, awaki, manyan motoci, ba ka san inda hanya ta ƙare kasuwa ta fara ba. Wani bijimi ya bi ni har cikin rumfar mai goro, mai goron ya ce kada in gudu ai wasa yake yi. A bakin iyaka jami'in ya karɓi katina ya tambaye ni abin da zai kai ni. Da na ce ziyara da tuni na wuce, amma sai malantar ta motsa, na fara daga farko: manhaja, kasuwa, shara, akawun. Ya ajiye biro ya tallafe haɓa.

"Kasuwar nan a Damagaram take?"

"A'a, a cikin waya take."

"To me zai kai ka Damagaram?"

"Lambar da za a aiko."

"Daga ina?"

"Daga kasuwar."

Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Mutanen da ke bayana suka fara tsaki. A ƙarshe ya ɗauki bironsa ya ce, "Ziyara," ya miƙo mini katin. A ɗaya gefen da aka tambaye ni, kalma ɗaya na faɗa.

Ana tsallakawa layina ya mutu, na zama mutum mai waya a hannu ba ta da amfani sai duba lokaci. Hausar dai ita ce, fuskokin su ne, hulunan ma kusan ɗaya, amma abubuwa sun canza suna. Waya salula ce, acaɓa kabu-kabu, makaranta lakkwal. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin gaggawa. Motar da na shiga ta cika tuni, direba yana zaune a inuwa yana jiran shayi ya nuna. Na ce masa mun cika fa. Ya ce, "Lahiya lau, ɗan Najeriya, garin ba ya gudu." Shayin nan kuwa ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. Ɗan mitsitsin gilashi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma zagaye uku ake yi, in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi. Na sha na farko don a tafi, ashe na ɗaure kaina ne.

Mun shiga Damagaram gab da magariba. Na sauka a wani masauki kusa da tasha, ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, amma ba mai kwana a ɗaki don zafi, kowa ya ja tabarma waje. Mai masaukin, wata dattijuwa mai faɗa, ta kawo mini dambu da zogale an zuba masa ƙuli da mai, na ci na ƙara, don gaskiya mu a nan wasa muke yi da zogale. Na tambaye ta ko ta san Isuhu mai takalma. Ta ce, "Wane daga ciki?" Na ɗauka zolaya ce.

Da safe na gane ba zolaya ba ce. Na shiga layin dukawa na yi sallama na ce ina neman Isuhu, mutum huɗu suka ɗago kai. Na ce wanda mahaifiyarsa Rabi, biyu suka rage. Na ce wanda ya yi karatu a Najeriya, duka biyun suka ce su ne. Na tsaya ina tunanin ko in juya gida, sai wata dabara ta zo mini. Na ciro wayata na kunna karatun Kawu da ke memorina. Ban kai ga ɗaga ta ba wani siririn mutum mai furfura a gemu, can ƙarshen layi, wanda bai ma ɗago ba da farko, ya yar da basilla ya taso da gudu.

"Malam! Wa ya zo da Malam?"

Na ce ni ɗan ƙanwarsa ne. Ya rungume ni yana kuka, yana tambayar jikin Malam, yana tambayar Inna, yana tambayar bishiyar ɗorawar da ke bayan makaranta. Ya rufe rumfa a take ya ja ni gida. Na ce masa magana ce ta kawo ni, gajeriya. Ya ce haram, jinin Malam ba zai yi magana da yunwa ba a gidansa. Aka kama zabo aka yanka. Aka dama fura. Aka kira maƙwabta su zo su ga ɗan Malam, kowa ya zo sai an gaisa tun daga lafiyar gida har ta dabbobi, a koma a sake. Aka ɗora shayi, zagaye uku. Duk lokacin da na ce "Malam Isuhu, dama..." sai ya ce "Ci tukuna." Ina zaune ina murmushi, ina lissafin motoci nawa ne a wannan lokacin ke tsakanin Gumel da Hadeja ana zagin Kawu a cikinsu.

Sai bayan la'asar ya ba ni dama, kuma kafin in fara shi ya ciro tasa wayar, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, ya buɗe manhajar ya nuna mini sunan da yatsa.

"Ka gani? Inna ke nan. Ba ta yi karatu ba, amma ita ta saida tumakinta ta aike ni Zandam. Ban samu na gina mata masallaci ba, ban haƙa mata rijiya ba. Wannan na samu. Duk direban da ya ji aya guda, ita ma tana da rabo."

Na ji duk faɗan da na ƙullo tun daga Birnin Kudu ya kwance. Na tambaye shi tallan fa. Ya ce wane talla. Ashe bai taɓa gani ba. Shi ba ya sayen data, tun ranar da Sabi'u ya saka masa yake sauraro haka nan, tallan kuwa sai da data yake fitowa. Na rasa yadda zan gaya masa da baki. Na roƙi wani maƙwabci ya ara mana data, na kunna karatun na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Kawu ya yi ta karatu. Can sai kiɗa. Sai yarinyar nan mai guntun siket, tana juyi, daidai ƙarƙashin sunan Marigayiya Hajiya Rabi.

Isuhu ya kife wayar a hankali, ya zauna yana kallon ƙasa. Maƙwabtan suka zame ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Kowa haka yake gani?"

"Duk mai data."

Ya ce, "Cire ta."

Da na ce sai an aiko lamba zuwa layin da aka buɗe akawun da shi, sai aka gano layin yana wayar matarsa, matar kuma ta tafi biki wata unguwa. Muka hau kabu-kabu mu biyu a bayan mutum ɗaya, muka je gidan biki, aka shiga aka fito da wayar tana ƙanshin turare, aka aiko lamba ta ƙi shigowa, aka sake, ta shigo bayan ta mutu, aka sake. Ina tsaye a ƙofar gidan mutane ana guɗa a ciki ina zagin kasuwa da masu ita a zuci. Da ta shigo da rai na shiga, na kai wurin cirewa, na miƙa masa ya danna da kansa. Ya yi bisimilla ya danna. Na goge wadda ke wayarsa na zuba masa karatun tsantsa daga memorina.

A hanyar komawa, da muka sauka muna tafiya a ƙasa, ya riƙo hannun rigata.

"Malam Nasiru, to ladan Inna fa? Wanda ake aika mata. Yanzu ya tsaya ke nan?"

Ni malamin kwamfuta ne. Na san yadda ake ɗorawa da yadda ake cirewa, wannan kuwa ba a koya mini ba. Na ce masa zan tambayi Kawu. Ya ce to, ya ba ni takalma ƙafa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Malam, ko da yake ya san Malam ba ya takawa.

Dawowa ba ta da wani labari, sai dai a kowace mota na ji muryar Kawu sai na yi rigima, wasu suka ba ni na goge, wasu suka ce in kama gabana. Na sake aika koke, na jira har na fara cire rai. Ana saura kaɗan a ga watan azumi sai amsa ta zo, layi biyu, an duba an mayar. Babu sannu, babu a yi haƙuri, babu suna a ƙasa. Na karanta ta na yi tsaki, sannan na yi alhamdulillahi.

Ranar Juma'a na tafi Zandam. Sabi'u ya biyo ni a kan babur ɗinsa, wai zai nemi gafara, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Bayan an sauko daga masallaci zauren ya cika da masu gaisuwa kamar kullum. Na durƙusa gaban Kawu na gaya masa an mayar, an kwashe na cacar kaf. Ya lumshe ido. Na ajiye masa takalman, na ba shi labarin Isuhu da tumakin Hajiya Rabi, na faɗa masa tambayar da aka aiko ni da ita. Sai ya nuna wayata, ya nuna bakinsa.

"Naɗa yake so ka yi," in ji Inna.

Na kunna na kai kusa da bakinsa. Ya ɗaga hannun hagu, ya fara addu'a. Rabin kalmomin ba sa fita, yawu yana zuba Inna tana gogewa. Ya dube ni, na gane sunaye yake so. Na ce Hajiya Rabi. Ya yi ta fama har ya ce "Rabi." Na ce Alhaji mijin Hajiya Ladidi, ya kama sunan da ƙyar. Haka muka bi su duka, duk mamacin da aka yi wa sadakar nan, ni ina faɗa yana maimaita abin da harshen ya iya ɗauka, yana roƙa musu rabo a cikin kowane harafi da za a saurara. Zauren nan ba ka jin komai sai shessheƙa. A raina na ce wannan ita zan sa a farkon manhajar, duk wanda ya buɗe da ita zai fara, Isuhu ya ji sunan Innarsa a bakin Malam.

Na kai yatsa zan tsayar, sai Kawu ya ja dogon numfashi, ya gyara wuya, ya faɗa tar, kalma bayan kalma, maganar farko cikakkiya da ta fita bakinsa tun ranar da ya faɗi:

"Wanda ya samu ya yaɗa, Allah ya ba shi lada."

Zauren ya ɗauki kabbara. Inna ta fashe da kuka. Na ɗago ina share ido, sai na ga hannuwa suna shiga aljihu, wayoyi suna fitowa, can bakin ƙofa kuma ga Sabi'u, hawaye shaɓe-shaɓe, tasa wayar a sama tana naɗa. Maigatari ta faɗo mini, da bijimin nan, da shayi zagaye uku. Na buɗe baki zan ce jama'a ku tsaya, adireshin manhajar za ku tura ba kwafi ba, don girman Allah ku tsaya in yi bayani. Sai na ga Kawu ni yake kallo, hannunsa na hagu a sama, kowa ya shafa addu'a saura ni.

Na ce amin.